Nisan Legas a Lissafin Mama Sikola

A Samaru, in mutuwa ta faɗa gidan wani ɗan coci, kafin a aika wa kowa sai an aika wa Mama Sikola. Sunanta na baftisma Scholastica, amma bakin mutanen unguwa ya daɗe da gajarta shi, ita ma ta haƙura. Tsohuwar malamar firamare ce, shugabar Zumuntar Mata, mace mai jiki da murya, kuma ita ta san yadda ake kai labarin rasuwa. Tana da doka guda da ba ta sassauta wa kowa: ba a gaya wa mutum mutuwar nasa yana kan hanya. A ce masa jiki ya ɗan matsa, ya taso. In ya iso a shigar da shi ɗaki, ya sha ruwa, ya sa wani abu a cikinsa, manya su kewaye shi, sannan a faɗa. Shekara da shekaru tana yi wa mutane wannan aiki, ba a taɓa jin wani ya yanke jiki ya faɗi a tasha ta dalilinta ba. Tana ji da hakan, har abin ya so ya yi yawa.

To, a shekarar 2005 sai aikin ya zo gidansu. Ƙanenta Julius, wanda ya yi ritaya daga aikin gonar jami'a, ya kwana biyu a gadon asibiti, ciwon ƙoda ya cinye shi. 'Yarsa guda ce a duniya, Stephanie. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, Mama Sikola ce ta goya ta har ta aurar da ita ga Lanre, ɗan Yarabawan Sabon Gari da aiki ya kai shi Legas. A lokacin Stephanie tana da tsohon ciki, cikin da aka daɗe ana roƙon Allah a kansa, domin na farko ya zube. Saboda haka duk zaman asibitin nan abin da ake gaya mata a waya shi ne Baba yana samun sauƙi.

Ran Laraba da sassafe likita ya ja Mama Sikola gefe, ya ce mata da wuya ya kai dare. Ta koma ta zauna bakin gado. Can Julius ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Yaya, a kira mini Stephanie."

Ita kuwa ta san Legas, ko dai tana ganin ta sani. Sau ɗaya ta je, lokacin da aka raka amarya. Sun shiga babbar mota a Sabon Gari rana tana shirin faɗuwa, suka bi ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, aka tsaya a Jebba ana jiran gari ya yi haske saboda 'yan fashi, ba su ga Legas ba sai da rana ta take. Ta sauka ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Tun daga ranar in aka ambaci Legas wannan tafiyar take gani.

"Julius," ta ce, "ko yanzu ta taso, sai gobe da hantsi. Ka tuna halin da take ciki."

"Ki dai kira ta, Yaya."

"To, zan kira."

Ba ta kira ba. Ta lissafa, lissafin kuwa ya fita daidai: in ta kira, yarinya za ta kwana a mota cikin ramuka da fargaba, ta zo ta tarar da gawa, wataƙila ma a yi asara biyu. In ba ta kira ba, gawar dai za ta tarar, amma da cikinta lafiya. Julius ya sake tambaya sau ɗaya da rana, ta ce masa layi ne babu kyau. Ana kiran sallar la'asar a masallacin bayan asibitin ya cika, hannunsa cikin nata.

Washegari, Alhamis, tun yara ba su gama wucewa makaranta ba ta isa wurin yarinyar da ke haya da waya ƙarƙashin lema a bakin titi. Ta gyara murya yadda ta saba, ta ce, "Stephanie, jikin babanki ya ɗan matsa. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma gara ki zo ki gan shi." Ta ji ana magana ƙasa-ƙasa, sai Lanre ya karɓi wayar. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce ba zai sa matarsa a mota da wannan ciki ba, akwai jirgin sama mai zuwa Kaduna kafin tsakar rana, shi za su nema. Mama Sikola ta ce madalla, Allah ya kawo su lafiya. Shi ma ba ta gaya masa komai ba, domin Lanre mutum ne da duk abin da ke ransa yake rubuce a goshinsa.

Kada wani ya ɗauka ba ta san jirgin sama ba. Duk wanda ke zaune a Samaru ya san shi, har ya gaji da shi. Ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi ta Palladan wuni suke suna kewaya saman garin suna gurnani. Mace tana shanya za ta hango guda ya taho daga wajen Basawa, ta gama shanyarta ta zubar da ruwan wanki bai gama wuce kan gidanta ba, anjima kuma ga shi ya dawo. Da wannan ma'auni Mama Sikola ta auna. Ta ce jirgi ya fi mota, wannan ba gardama, ba ya faɗawa rami, ba ya tsayawa cin abinci. A ba shi rabin lokacin mota, a ƙara na hanyar Kaduna zuwa Zariya. Sai bayan isha'i ke nan, in an yi sauri.

A kan haka ta tsara komai. A kafa rumfa a ƙofar gidan Julius, a jera kujeru, masu ta'aziyya su zo da rana su yi abin da ya kawo su. Da magariba a kwashe rumfa da kujeru, a share wurin kamar ba a yi ba. Fada, limamin cocinsu, zai zo da yamma ya zauna a ciki, tare da ita da mataimakiyarta Bibiana. A dafa tuwo da miyar karkashi, wadda Stephanie ke so. Ta ja wa matan kunne cewa ko da wasa, ko wa ya zo daga wajen Legas, bakin kowa ya zauna a rufe sai ita ta buɗe nata. Da ta ga komai ya kankama, mata sun fito da tulunan kiɗa da gora sun fara waƙoƙin ta'aziyya, sai ta ɗauki hoton Julius ta hau motar Sabon Gari. Za ta kai wa mai buga takardar sanarwa, kuma za ta gaya wa surukai da bakinta, don ba a aika wa suruki irin wannan labari ta bakin wani.

Maman Lanre, wadda sunanta Oluwatoyin, atamfa take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma a Jushi aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta gado. Da ta ji labarin ta dafe kai, ta yi hawaye na gaske, ta sauke labulen shago ta zauna kusa da baƙuwarta. Bayan an yi gaisuwa an yi addu'a ta tambaya ko yaran sun sani.

"Haba, ki tambayi wata," in ji Mama Sikola. "Na ce musu jiki ne ya matsa. Suna hanya, jirgi za su hau. Kafin su iso bayan isha'i na sa an kwashe komai."

Maman Lanre ta tsaya da goge ido. "Jirgin sama, Mama?"

"Shi."

"Ai Lanre ya taɓa ce mini daga Legas zuwa Kaduna awa ɗaya ne da 'yan mintuna."

Duk da baƙin cikin da take ciki sai da Mama Sikola ta ɗan murmusa, irin murmushin da take yi wa ɗan aji uku in ya ce bakwai sau bakwai ashirin. "Awa ɗaya ai daga nan zuwa Kaduna ne, a motar kirki. Kin manta mun je Legas tare? Yaran nan in suna son burge iyaye ba abin da ba sa faɗa."

Ba ta rufe baki ba wayar Maman Lanre ta yi ƙara daga cikin lalitarta. Ɗanta ne ya aiko mata da ita bara, har yanzu da hannu biyu take riƙe ta. Ta kara a kunne, ta yi magana da Yarabanci, sai fuskarta ta sauya. Ta miƙa wa Mama Sikola wayar.

"Mama, mun sauka lafiya," in ji Lanre. "Mun ɗauki shatar mota, yanzu muka wuce Jaji."

"Wane Jaji?"

"Jajin hanyar Zariya mana, Mama."

Ta kalli ƙofar shago. Rana tsaka ce, ko inuwar rumfunan kasuwa ba ta fara tsawo ba. "Lanre, ba ɗazu na yi magana da kai kana Legas ba?"

Ya ɗan yi dariya, shi da bai san komai ba. Ya ce ai a sama hanya miƙe take, babu Ilori babu Jebba babu Mokwa, kilomita ɗari shida ne da wani abu. Ya ce ko lemon da aka ba su a jirgin Stephanie ba ta gama sha ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Jiran da suka yi a filin jirgi ma ya fi tafiyar tsawo. Sai muryar Stephanie ta shigo, a kusa sosai, kamar tana bayan labule.

"Goggo, asibiti za mu wuce kai tsaye ko?"

"A'a, gida," in ji Mama Sikola da sauri, don ta san abin da za a nuna musu a asibiti. "Ku fara zuwa gida." Sai da kalmar ta fita ta tuna abin da ke ƙofar gidan. Ta buɗe baki za ta ce su zo Sabon Gari, layin ya yanke. Maman Lanre ta kira, ta sake kira, muryar wata Baturiya ta kamfanin waya tana ta ba su haƙuri. A layin su Julius kuwa ba mai waya sai yarinyar lema, lambarta kuma ba wanda ya taɓa tunanin riƙewa.

Mama Sikola ta miƙe. Ta manta jakarta, Maman Lanre ta biyo ta da ita. A bakin kasuwa motar Samaru tana tsaye da mutum uku a ciki, kwandasta yana ta kiran fasinja kamar wanda ba ya son su zo. Mama Sikola ta sha faɗa a taron Zumunta cewa macen da ta san darajar kanta ba ta hawa acaɓa, kuma ita sai dai gawarta. Ranar ta ɗaga hannu ta tsayar da guda, ta tattare zani ta hau, ta riƙe rigar mutumin da hannu biyu. Ta ce masa, "Samaru, ɗana. Kada ka tsaya wa kowa."

Sai dai Zariya ba ta san ana sauri ba. A PZ wata tirela ta gitta tana neman juyawa, aka yi cirko-cirko. A Kwangila motocin Kano da na Funtuwa sun cushe, masu rake da masu ruwa suna ratsawa. Ta yi tunanin ta sauka nan ta tare su, tunda dole ta nan za su biyo, amma wace mota za ta tare? Ba ta tambayi ko launinta ba. Duk motar da ta wuce su sai ta leƙa, ta ga baƙin fuskoki. Tana ta addu'a a ranta, ba ta roƙon komai sai Allah ya sa tayarsu ta yi faci.

Suna wuce Palladan ɗaya daga cikin ƙananan jiragen nan ya taso daga bayan shinge, ya bi ta kansu a hankali yana gurnaninsa na kullum. Ta ɗaga kai ta bi shi da kallo, haushi ya cika ta, kamar shi ya yi mata ƙarya. A nan ne wani tunani ya zo mata, wanda tun a shago yake zagaya ta tana kau da kai. Yau da safe ta kira. Yanzu ko azahar ba ta daɗe da wucewa ba, ga su a Zariya. Jiya ma da safe Julius ya ce a kira. Hannunta ya saki rigar ɗan acaɓan, babur ya yi tangal-tangal, mutumin ya ce, "Mama, riƙe ni da kyau." Ta riƙe, amma daga nan har Samaru ba ta ƙara ganin titi ba.

Tun daga bakin layi ta san ta makara, domin ba ta ji kiɗan tulu ba. Wata farar mota tana tsaye, ƙofofinta a buɗe. Mata cike da rumfa, kowace ta sunkuyar da kai, gora a cinya. Sun bi umarninta sarai, ba wadda ta ce uffan. Lanre yana tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa. Stephanie kuwa tana bakin rumfar, cikinta a gaba, hannu ɗaya riƙe da leda, tana kallon kujerun ɗaya bayan ɗaya kamar tana neman wadda za ta yi mata bayani. Ba ta kuka. Da ta juyo ta ga goggonta tana saukowa daga acaɓa, ɗankwali a karkace, sai ta daɗe tana kallonta. Wanda ya san Mama Sikola, ganinta a kan babur ya ishe shi labari.

"Goggo, ina Baba?"

"Mu shiga ciki, 'yata. Ki sha ruwa tukuna."

"Na sha a jirgi."

Duk da haka ta bari aka kama ta aka shigar da ita. Suka zaunar da ita a kujerar Julius ta falo, domin ita ce mai taushi. Bibiana ta kawo ruwa, Stephanie ta karɓa ta ajiye a ƙasa. Ledar tana kan cinyarta, bakin ledar a buɗe. Burodin Legas ne, wanda babanta ke so. Duk zuwan da take yi ta mota a matse yake isowa, ya bushe, Julius ya ci yana tsokanarta. Na yau da laushinsa, ƙamshinsa ya cika ɗakin.

Mama Sikola ta durƙusa a gabanta, abin da ba ta taɓa yi wa yaro ba. Kalmomin da ta faɗa wa mutane ba adadi, masu daɗin ji, masu saukowa a hankali, ta neme su ta rasa ko ɗaya. Ta ce, "Babanki ya tafi, Stephanie."

Stephanie ta gyaɗa kai. Hawaye suka zubo ba tare da sauti ba. Lanre ya dafa kafaɗarta. Sai da aka jima ta ce, "Yaushe?"

"Jiya. Ana kiran la'asar."

"Ya neme ni?"

Bibiana ta yi caraf, domin ta san amsar da ake bayarwa, daga bakin shugabarta ma ta koye ta. "Ai cikin barci ya tafi, 'yar nan, bai san inda yake ba, bai sha wata..."

"Bibiana," in ji Mama Sikola.

Ba wanda ke wurin jiya sai ita. In ta ce bai nema ba, maganar ta mutu har abada, kuma kowa zai ce ta yi daidai. Ta kalli burodin, ta kalli fuskar yarinyar da ta goya, wadda take da idanun Julius sak.

"Ya neme ki," ta ce. "Da sassafe ya ce a kira ki. Da rana ma ya sake tambaya. Ni ce ban kira ba. Na ce masa Legas da nisa, ba za ki iso ba."

Stephanie ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta share fuska da bayan hannu, ta yi magana a hankali kamar mai tuna wa kanta hanya.

"Da sassafe," ta ce. "Yau ma ai da sassafe kika kira ni, Goggo."

A waje wata mata ta ɗan taɓa tulu ta fasa. Can daga masallacin bakin titi ladan ya gyara lasifika, ta yi ƙara, sannan ya fara kiran sallar la'asar. Stephanie ta juya kai wajen taga tana saurare, hannunta a kan burodin. Kafin wannan kiran la'asar, ta daɗe da isowa.